Allura Da Zare Sun Shiga Aikin Lantarki

Yau hirar tamu a kan ɗinki ce, amma wani irin ɗinki wanda a ke haɗa shi da batir da ƙwan fitila.

Uwargida, in kin taɓa yin sayayyar Salla, ko da a shagunan nan na bakin titin Ƙofar Guga ne, kin ga takalman yara masu walƙiya in an taka, da huluna da tabarau masu ƙyalƙyali, har da rigunan 'yan mata waɗanda a ke danna wani wuri a ƙirji su kama haske. Wataƙila ma ɗan autanki ya tasa ki da kuka sai da kika saya. To, kin taɓa tambayar abin da ke cikin dunduniyar takalmin nan? Abu uku ne kawai: ɗan batir, da ƙwan fitila ƙarami irin na tocilan zamani wanda masu gyaran rediyo ke kira led, da wata 'yar waya mai lanƙwasa wadda ke karkarwa in yaro ya taka ƙasa, ta taɓa ƙarfen da ke gefenta, wuta ta kama. Shi ke nan. Amma wannan ɗan abin wasa ƙanen wata babbar sana'a ce da ke tasowa a duniya, watau ɗinka kayan lantarki a jikin tufafi, kuma ina so ki san ta domin dalili biyu. Na farko, sana'a ce da ta fi kusa da hannunki fiye da hannun kowane injiniya. Na biyu, akwai hatsari a cikinta wanda ya riga ya shigo ɗakinki.

Wutar lantarki ba ta tafiya sai ta sami hanya, kuma hanyar sai ta zagayo ta komo inda ta fito. Ƙarfe hanya ne, auduga ba hanya ba ce. To, sai masana suka ce, me zai hana a kaɗa zare da ƙarfe a cikinsa, ya yi laushi ya shiga kafar allura, a yi ɗinki da shi ya zama waya? Haka aka yi. Akwai wanda a ke kaɗawa da siraran ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai kuma zaren roba da a ke shafa wa azurfa. Mu kuwa zare mai ƙarfe ba baƙonmu ba ne. Ki dubi alkyabbar sarki ko ta hakimi ranar hawan Salla a Ƙofar Soro, ki ga yadda aka kwantar da zare mai ruwan zinariya da na azurfa a bisa yadi, aka bi shi da ƙananan ɗinki aka danne. Masu wannan aiki ado su ke nufi, amma hannun da ya iya shi ya riga ya iya shimfiɗa hanyar wuta.

Turawa sun daɗe suna wasa da abin. Tun a shekarar 1884 akwai wani kamfani a birnin Niyok na Amurka da ke ba da hayar 'yan mata sanye da ƙwayayen fitila a ka da batir a cikin tufafi, su tsaya su haskaka wurin biki. Wannan kam ba abin koyi ba ne. Labarin da na fi so 'yan makaranta su riƙe shi ne na tafiya duniyar wata.

A shekarar 1969 kumbon Apollo 11 ya kai mutane wata, wannan kowa ya karanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, umarnin da kwamfutar kumbon ta bi, saƙa shi aka yi da hannu, kuma mata ne suka saƙa. A masana'antar Raytheon da ke jihar Masacusets, an ɗauki mata waɗanda da yawansu sun ƙware a aikin masaƙa da na haɗa agogo. Mace biyu za su zauna suna fuskantar juna, a tsakaninsu akwai allo cike da ƙananan zobban maganaɗisu, suna miƙa wa juna doguwar allura mai jan siririyar waya. In wayar ta bi ta cikin zobe, kwamfuta ta karanta ɗaya. In ta kewaye shi ta waje, ta karanta sifiri. Da ɗaya da sifirin nan a ke rubuta dukan lissafin da kwamfuta ke yi. Aikin yakan ɗauki makonni, kuma in aka tsallake zobe guda, to, sai a warware a gyara, domin ran mutum uku ya rataya a kansa. Rigunan da 'yan sama jannatin suka sa su ma mata ne suka ɗinka su a keke, a wani kamfani da ya fito daga cikin Playtex, masu ɗinka rigar mama. Ke da ki ke ƙirga zare a ɗinkin hula, ki tsallake biyu ki soka a na uku, ki yi wata guda ba ki ɓata zane ba, ki gaya mini, wane bambanci ke tsakanin hankalinki da na matan nan?

Daga nan abin ya yi ta ci gaba. A 1997 wasu ɗalibai a jami'ar MIT, Maggie Orth da Rehmi Post, suka yi wa wata riga surfani da zare mai ƙarfe, in an taɓa zanen sai ya ba da sauti. A wajen wannan lokaci kuma, a jami'ar Jojiya Tek, Farfesa Sundaresan Jayaraman da abokan aikinsa suka saƙa singileti na soja mai iya auna bugun zuciya da numfashi, ya kuma nuna inda harsashi ya huda. Amma wadda ta sauko da abin ƙasa har ya kai ga mata irinmu ita ce Leah Buechley. A 2007 ta fitar da LilyPad, wata 'yar kwamfuta mai faɗin bakin kofin shayi, zagayayya, an huda gefenta kamar maɓalli domin a ɗinka ta da allura, babu ruwanki da narka dalma. Bayan shekara uku ta bincika su wa ke amfani da ita. Ta samu cewa a cikin ayyukan da aka yi da irin allon da aka saba, wanda a ke haɗawa da waya, kashi 2 cikin 100 ne kawai na mata. A cikin waɗanda aka yi da nata kuwa, kashi 65 na mata ne. Lissafin ɗaya ne, wutar ɗaya ce, kayan aikin kawai aka sake. Malaman makarantun 'yan mata, da iyayen da ke cewa kimiyya ta yi wa 'ya mace nauyi, sai su yi nazarin wannan adadi.

Yanzu za ki ce, to, Malama, ina amfaninsa a gare mu? Ba duka ke da amfani ba, gaskiya. A 2016 wata 'yar fim, Claire Danes, ta je wani biki a Niyok da doguwar riga mai haske cikin duhu, duniya ta yi ta magana, kuma na tabbata amarenmu ba za su bari a bar su a baya ba. Wannan ado ne. Kamfanin Google da na Levi's kuma suka fitar da wata riga a 2017 a kan dala 350, wadda in ka shafa hannunta za ka amsa waya ko ka sauya abin da ka ke saurare. A 2023 Google ya rufe manhajar da ke tafiyar da ita, rigar ta koma riga kawai. Ni dai ban ga hikimar sayen tufar da ranta ke hannun wani kamfani a ƙetare ba.

Masu amfanin su ne waɗanda aka yi domin wata matsala ta gaske. A Yuganda, wata ɗalibar jami'ar Makerere, Olivia Koburongo, kakarta ta kwanta ciwo aka yi ta yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, ashe nimoniya ce, ba a gane ba sai da lokaci ya ƙure. Ita da abokin karatunta Brian Turyabagye suka ƙirƙiro wata 'yar riga mai suna MamaOpe, wadda a ke sa wa yaro ta auna zafin jikinsa da saurin numfashi da ƙarar huhu, ta aika wa wayar ma'aikacin lafiya. Ta shiga jerin ƙirƙire-ƙirƙiren da aka zaɓa domin gasar injiniyoyin Afirka ta 2017. Duk uwar da ta taɓa kwana a zaune cikin hunturu tana sauraren ƙirjin ɗanta ta san darajar wannan tunani.

A Afirka ta Kudu, a garin Rastambag, wasu 'yan mata biyu, Thato Kgatlhanye da Rea Ngwane, suka fara ɗinka jakar makaranta da tsofaffin ledoji, suna maƙala ɗan farantin sola a bayanta. Yaro na tafiya makaranta rana na cika batir, da dare ya kunna fitila ya yi aikin gida. A Kodebuwa ma an yi irinta mai suna Solarpak. Kafin su duka, a 2005, wata mai zanen gine-gine, Sheila Kennedy, ta kai wa matan ƙabilar Wicol na duwatsun Meziko farantin sola mai lanƙwasuwa da ƙwayayen led, su kuwa suka saka su cikin jakunkunan gargajiyar da su ke saƙawa tun kaka da kakanni. A Japan kuma, tun 2004, wani tsohon injiniyan Sony, Hiroshi Icigaya, ya fara sayar da rigar aiki mai ƙananan fankoki biyu a ƙugu, masu hura iska cikin rigar su busar da gumi. Ki tuna da zafin Katsina na watan Afrilu, ki tuna da maigida in magini ne ko mai tura kura, sa'an nan ki ce mini abin wasa ne.

Abin da ya hana waɗannan tufafi cika kasuwa har yanzu, mu mata mun fi kowa gane shi: wanki. Gumi da sabulu suna cin azurfar da ke jikin zare, matsa tana karya waya, dutsen guga kuwa ya narke roba. Wanda ya warware matsalar wanki shi zai ci kasuwar, kuma ban ga abin da ya ce sai namiji ko sai Bature ba.

Garinmu garin tufa ne da ilmi tun asali. Waliyyi Ɗan Marina, wanda a ke ji da shi a malanta tun ƙarni na 17, ai sunansa ma daga marina ya samo shi. Audugar Funtuwa da Malumfashi ta ciyar da masaƙu shekara da shekaru. Masaƙar farko ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, an rufe ta a 2002, wasu suka bi bayanta, yadin waje ya cika kasuwa, hular inji kuma ta karya farashin ta hannu. Matan cikin birnin Zariya sun haɗa kai tun 1994 a ƙungiyar masu surfani ta Sarauniya Amina, suna sayar da aikin hannunsu har ƙasashen waje. Mace mai ɗinki a cikin gida, daga Ƙofar Guga zuwa Sulluɓawa da Masanawa, tana bukatar abin da zai bambanta kayanta da na dila, in ba haka ba kullum ita ce a ƙasa wajen ciniki.

To, ga abin da za ki fara gwadawa, ke ko 'yarki. Yaranmu da yawa suna zuwa makarantar dare, ga hijabi mai duhu, ga an ɗauke wuta, ga babura da Keke Napep suna gudu a lungu. Ɗan haske a jikin jakar littattafai zai sa mai abin hawa ya hango yarinya tun daga nesa.

Ki nemi ƙwan led fari guda ɗaya wajen mai gyaran rediyo ko waya, ko ki ciro daga matacciyar tocila. Ki nemi batir mai kama da kwabo, wanda aka rubuta CR2032 a bayansa. Lambar girmansa ta ke faɗa: faɗi milimita 20, kauri milimita 3.2, ƙarfinsa kuwa bolt 3. Zare mai ɗaukar wuta sai an yi odarsa, saboda haka in bai samu ba, ki feɗe tsohuwar wayar rediyo ko ta fanka, ki zaro siraran jan ƙarfen da ke ciki, ki murɗa uku ko huɗu wuri guda. Ba za ki soka su cikin yadi ba. Kwantar da su za ki yi a sama, ki bi su da zaren ɗinki ki danne, daidai yadda a ke yi wa alkyabba.

Sabon ƙwan led ƙafa biyu gare shi, doguwa da gajeruwa, kuma wuta ta hanya ɗaya kawai ta ke bi ta cikinsa. Kafin ki ɗinka komai, ki matse batirin tsakanin ƙafafun biyu, doguwar ta taɓa fuskar da ke da alamar tarawa. In ya kama, madalla. In bai kama ba, ki juya batirin. Ki ɗiga jan farce a kan ƙafar da ke wajen alamar tarawa don kada ki manta, sa'an nan ki nannaɗe kowace ƙafa ta zama ɗan zobe, yadda za ki ɗinke ta kamar maɓalli.

Daga nan layi biyu za ki ja. Na farko ya tashi daga ƙafa mai jan farce ya tafi fuskar batir mai alamar tarawa. Na biyu ya tashi daga ɗaya ƙafar ya tafi ɗaya fuskar. Dokar aikin duka guda ce: layukan nan biyu kada su taɓa juna ko'ina, ko a gaba ko a bayan yadi. In suka haɗu, wutar za ta yanke hanya ta koma batir ba ta bi ta ƙwai ba, fitila ta ƙi kamawa, batir ya ɗau zafi ya mutu. Yawancin masu koyo a nan su ke faɗuwa, kuma sau da yawa ɗan jelar waya ne da aka bari a bayan ƙulli ya ke lilo ya taɓo ɗan'uwansa. Ki datse kowace jela, ki shafe ƙullin da jan farce.

Batirin ki yi masa ɗan aljihu matsattse a cikin jakar, waya ɗaya ta kwanta a bangon gaba, ɗaya a na baya, yadda in kin tura shi kowace fuska ta sami tata. Makunni kuwa, maɓallin ƙarfe na dannawa irin na rigar jarirai ya isa. Ki yanke layi ɗaya a tsakiya, ki ɗaure bakin nan a macen maɓallin, wancan a namijin. In an ɓalla, hanya ta haɗu, haske ya kama. In an ɓalle, ya mutu. Wannan haske alama ce kawai, ba ya isa karatu, kuma in aka bar shi a kunne dare da rana, cikin 'yan kwanaki zai dushe. A cire batir kafin wanki, a wanke da hannu, a shanya ya bushe sarai, kada a goge wurin. Bolt 3 ba ya jan mutum ko da hannunki da ruwa. Amma wutar soket bolt 230 ce, tana kisa, kada wata ta kuskura ta haɗa ɗinkinta da ita ko da wasa.

Saura maganar da ta fi duka nauyi, kuma ta shafe ki ko ba ki taɓa riƙe allura ba. Batirin nan mai kama da kwabo, da ƙannensa da ke cikin takalma da tabarau da agogon yara da rimot, yana ƙyalli, kuma daidai bakin yaro ya ke. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, ba guba ce ke zubowa ba kamar yadda a ke zato. Wutar batirin ce ke haɗuwa da yawu ta haifar da sinadari irin sodar da mu ke haɗa sabulu da ita. Wadda ta taɓa haɗa sabulu soda ta ɗiga mata a hannu ta san abin da na ke nufi. Cikin awa 2 kacal zai iya ƙona maƙogwaro, in an daɗe ya huda shi har ya kai ga babbar jijiyar jini. Batirin da ya daina kunna fitila ma yana da sauran ƙarfin da zai yi wannan ɓarna. Abin ya kai har Amurka ta kafa doka a 2022 cewa lalle a rufe mazaunin irin wannan batir yadda yaro ba zai iya buɗewa ba. Kayan da ke zuwa kasuwanninmu kuwa, da yawa murfinsu da farce a ke ɓalle shi.

Saboda haka duk abin wasa ko tufa mai haske da ya shigo gidanki, ki juya shi ki duba. In murfin batirin ba a ɗaure ya ke da kusa mai juyawa ba, ki naɗe shi tam da salatif, ko ki cire batirin ki huta. Aljihun da kika ɗinka wa jakar yarinya, ki rufe bakinsa da ɗinki biyu ko uku, gara ki warware duk ran da za ki sake batir. Kada a yi wa yaron da bai kai shekara 5 ba irin wannan ado. Mataccen batir kuma kada a jefa shi a murhu, yana fashewa, kada a yar a tsakar gida inda mai rarrafe zai tsinta.

In kuwa kin ga yaro ya haɗiye, ko kin ga abin wasa a buɗe babu batir, ga yaro yana dalalar da yawu, yana tari ko amai, ya ƙi abinci, to, ba lokacin jiran maigida ya dawo daga kasuwa ba ne. Kada ki ɗura masa manja ko ruwan gishiri don ya yi amai, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ba shi abinci wai ya tura shi ƙasa. Ki saɓa shi sai asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙirji, kamar Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa batir ne. Likitocin da suka yi bincike a kan wannan sun ba da shawara tun 2018 cewa, in yaron ya cika shekara 1, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 da faruwa ba, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali 2 kowane minti 10, har sau 6, a kan hanya. Zumar tana lulluɓe batirin ta rage ƙunar kafin a ciro shi, ba ta fitar da shi, saboda haka kada neman zuma ya tsai da ku. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma sam. In a hanci ko a kunne ya cusa, kada a ɗiga masa komai, a tafi asibiti haka nan.

Wadda ta gwada jakar nan ta kama, ko ta ƙi kamawa, ta rubuto wa wannan fili ta faɗi irin ƙwan da wayar da ta yi amfani da su, za mu duba tare.